Ƙudan Da Ke Shigar Rina

Idan wake ya fara fure, duk wanda ya shiga gona da hantsi ya kan ga wani ɗan ƙwaro mai zanen rawaya da baƙi ya tsaya cak a iska, sai ya yi wuf ya ɓace, ya sake tsayawa can gaba. Mutane da yawa suna zaton rina ce, har yara su kan bi shi da kara. To, ba rina ba ce, ƙuda ne, ba ya harbi ko kaɗan. Shigar rina ya yi don tsuntsaye su ji tsoronsa. A nan za mu kira shi ƙuda mai shawagi. Masana sun ƙidaya irinsa wajen 6,000 a duniya.

In kana so ka rabe shi da rina, bari sai ya sauka bisa fure. Fikafikansa biyu ne, na rina da ƙudan zuma huɗu. Amma fa ƙirga fiffike da wuya, gara ka dubi kai. Idanunsa manya ne, sun kusa cinye kan duka, ƙahonninsa kuwa 'yan gajeru, sai ka matsa kusa za ka gan su. Na rina dogaye ne. Galibi kuma ba shi da siririn ƙugun nan na rina. Wanda idanunsa suka haɗu a bisa kai namiji ne, mace tana da 'yar rata tsakani.

Su ma ba duka suke ɗaya ba. Akwai mai ƙiba, kamar ƙudan zuma, wani ma da ɗigo-ɗigo a ido. Wannan a ruwan kwatami ya ke ƙwai, tsutsarsa tana da dogon wutsiya wanda ta ke numfashi da shi. Amfaninsa kai garin fure, musamman ga mangwaro da albasar iri. Wanda ya fi damunmu shi ne siririn nan mai zanen rawaya a ciki, bai kai rabin inci ba, da wani ƙanensa baƙi wanda cikinsa kan yi ja-ja. Su ne ke neman ganyen da ƙwarin darɓa suka taru, su ajiye ƙwai a tsakiyarsu.

Tsutsar da ke fitowa ba ta da ƙafa, launinta kore-kore ko ruwan ƙasa, wajen baki tsini ne, tana lalube da shi kamar makaho da sanda. Ba ta cin ganye. Sai ta kama ƙwaron darɓa, ta ɗaga shi, ta tsotse, ta yar da ɓawo. Guda ɗaya ta kan ci ɗaruruwa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kana ta dunƙule jikin ganye kamar ɗigon ruwa, ƙuda ya fito.

Don haka, manomi, kafin ka ɗauki famfon feshi, bi kunya-kunya ka juya ganye. In ka ga tsutsotsin nan da ɓawon ƙwari birjik, dakata kwana uku ko huɗu ka sake dubawa. Maganin da ke kashe kowane ƙwaro har su ya ke kashewa, darɓa kuwa ta fi su saurin dawowa, gama matanta haihuwa su ke yi, ba sai da namiji ba. In feshin ya zama tilas, a yi shi da yamma lis, bayan ƙudajen sun bar fure, a kuma tsaya ga wuraren da darɓar ta yi yawa.