Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Me Ya Sa Tsohon Wasan Kwamfuta Ke Fin Sabo Farin Jini?

A shekarar 1999 kamfanin Microsoft ya fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Age of Empires II. Wasa ne na dabara, inda ɗan wasa ke kafa gari, ya tara abinci da itace da zinariya da dutse, sannan ya shirya runduna. A 2005 aka fitar da magajinsa, Age of Empires III, mai ƙayatattun hotuna da bindigogi. A 2021 ma aka ƙara masa daular Hausa, da Sarauniya Amina da barade masu lifidi. Duk da haka, masu buga tsohon sun fi masu buga sabon yawa har yau. To, mene ne dalili?

Dalili na farko shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke adana gwaninta. A 1973 wasu masana biyu a Amurka, William Chase da Herbert Simon, sun yi gwaji da wasan darar Turawa da ake kira ces. Sukan nuna wa mutum allon wasa na daƙiƙa biyar, sannan su ce ya sake jera shi. Idan jerin na wasan gaske ne, gwani kan yi wa ɗan koyo fintinkau. Amma idan an watsa 'ya'yan barkatai, bambancin kan kusa ɓacewa. Ashe gwani ba ɗaya bayan ɗaya yake kallon 'ya'yan ba, tsari yake ganewa.

Haka abin yake ga dararmu ta gargajiya, mai gidaje 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa. Dattijon da ya shekara 40 yana dara a gindin bishiya a Wudil, da kallo ɗaya yake gano inda uku za su jeru. Da za a sauya masa dokokin, da ya koma ɗan koyo. Age of Empires III ya zo da sabon tsari na katunan da ake aiko da kaya daga babban birni, saboda haka dabarun da gwanaye suka haddace da yawa suka daina aiki.

Dalili na biyu shi ne sabo. A 1968 Robert Zajonc ya nuna cewa yawan ganin abu kaɗai kan sa mutum ya ƙara son sa. Kazalika a 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana cewa zafin rashi ya fi daɗin samu ƙarfi a zuciyar ɗan Adam. Don haka abu ɗaya da aka cire daga tsohon wasa kan fi damun ɗan wasa a kan sababbin da aka ƙara.

Dalili na uku shi ne jama'a. Wasan dabara sai da abokin karawa, kuma kowa kan tafi inda mutane suka taru, kamar yadda fatake ke bin kasuwar da ta ci. A Koriya ta Kudu, wasan StarCraft na 1998 ya ci gaba da samun gasa da 'yan kallo bayan fitowar StarCraft II a 2010.

Dalili na huɗu shi ne kayan aiki. Tsohon wasa ba ya neman kwamfuta mai ƙarfi, ba ya cin batir da yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi a garin da wutar lantarki ba ta tsayawa.

Wannan ba ya nufin kowane sabo bai kai tsoho ba. Darasin dai yana ga ɗaliban da ke burin karanta ilimin kwamfuta, ko a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil ko a wani wuri. Duk mai son gyara manhajar da mutane suka saba da ita, wajibi ne ya fara binciken abin da suka ƙware a kai, don kada gyaran ya rushe shi. Microsoft ma ya gane haka: a 2019 ya sake fitar da Age of Empires II da sababbin hotuna, amma ya bar ginshiƙin dokokinsa yadda yake.