Mu Daina Yi Wa Icce Hawan Ƙawara

 Yau maganar hawa icce za mu yi. A nan Katsina kullum za ka ga matashi can saman bedi yana saran reshe, wani kan gawo yana kaɗo wa awaki abinci, wani kuma yana ɗaura amya, duk ba igiya ba komai. Alhali wanda ya faɗo daga tsayin mita 6 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 39 a awa, kamar mai mashin ya daki katanga.

A Amurka akwai maharban barewa da ke rataye kansu a saman icce cikin wani ɗamarar zama mai kama da sirdi. Ga abin da za mu koya daga wurinsu.

Na farko, ɗamarar da ke riƙe ƙugu da cinyoyi. Igiya zalla a ciki haɗari ce, domin in ka faɗo ita za ta shaƙe ka.

Na biyu, igiyar zagaye, irin ta ma'aikatan wutar lantarki a jikin fal. Ka zagaya ta bayan iccen tun kana ƙasa, ka riƙa ɗaga ta kana hawa. Hannayenka biyu suna aiki, ita tana riƙe da kai.

Na uku, igiya ta biyu da za ka ɗaura sama da kanka, a jikin gangar iccen. In reshe ya tare hanya, sai ka maƙala wannan kafin ka kwance waccan. Ana haɗa ta da ƙullin Prusik, wanda Karl Prusik ɗan Ostiriya ya fito da shi a 1931: yana zamewa in ka tura shi da hannu, yana cijewa in nauyi ya hau kansa.

Ƙugiyar ƙarfen kuwa, nemi mai kulle wadda aka rubuta 20 kN ko sama a jikinta. Igiyar guga da ta ɗaurin kaya ba su yi, rana na cinye su.

In wani ya faɗo, kada a ciccibe shi. A riƙe wuyansa daidai, a ɗora shi kan faffaɗan katako, sai asibiti.

Ku da ke wannan sana'a, ku haɗa kuɗi ku sayi kaya ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa. Ku tura wa wanda kuka san yana hawa. Allah Ya tsare mu, amin.