IN ƘOFAR MOTAR ƘUNGIYA TA LOTSE: A GYARA NE, KO A SAKE WATA?

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyin gama kai da yawa a cikinmu mota guda ke gare su, yawanci a-kori-kura. Ita ce mai ɗauko taki da damina, ita ce mai kai hatsi kasuwa da kaka, ita ce kuma ake tasa da dare in mai naƙuda tana bukatar asibiti. Motar da ke aiki irin wannan ba ta rasa tabo. Yau amalanken shanu ya goge ta, gobe wata mota ta ja da baya a tashar kasuwa ta dake ta. Sau da yawa ƙofa ce ke shan dukan.

Daga nan sai gardama ta tashi a taron kwamiti. Waɗansu su ce a kai wa fanal bita ya buga, gama kuɗi ba su da yawa. Waɗansu su ce a cire a sayo wata a huta. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma ba a kowane hali ba. Ga bayanin da zai taimaki kwamiti ya san lokacin da kowace shawara ta dace.

YADDA AKA ƘERA ƘOFAR MOTA

Ƙofa ba falle guda ba ce. Akwai fallen waje, wanda ido ke gani, mai fenti. Kaurinsa bai kai milimita 1 ba, domin haka ba ya da wuyar lotsewa, ba ya kuma da wuyar dawowa. Akwai ƙashin ciki, wanda aka naɗe bakin fallen waje a kansa. Shi ne ke riƙe hinji, da makulli, da abin ɗaga gilashi.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wata sandar ƙarfe mai tauri da aka gitta. Aikinta shi ne ta tare duka in wata mota ta bugo daga gefe, kada ƙarfe ya shigo kan wanda ke zaune. A Amurka, tun 1973 doka ta sa masu ƙera motoci su ƙarfafa ƙofofi, kuma yawancin motocin da ake ƙerawa yanzu suna da wannan sanda. Waɗansu tsofaffin motoci ba su da ita.

A ƙarƙashin ƙofa kuma akwai 'yan ƙananan ramuka. Ruwan sama yakan bi jikin gilashi ya shiga ciki, ta waɗannan ramuka yake fita. Motocin zamani suna da ƙari: wayoyin lantarki, da ɗan injin da ke ɗaga gilashi, waɗansu ma har da na'urar da ke jin duka ta sa jakar iska ta buɗe.

Abin riƙewa shi ne wannan: fallen waje ado ne da kare ruwa, amma ƙashin ciki da sandar nan su ne masu tsaron rai.

A DUBA KAFIN A YI CINIKI

Direba da mutum biyu na kwamiti za su iya yin wannan dubawa a gida, da rana, bayan an wanke motar.

1. A buɗe ƙofar a rufe sau da dama. In tana kamawa da turi kaɗan kamar dā, alama ce mai kyau. In sai an ɗaga ta, ko sai an banka ta da ƙarfi, akwai abin da ya goce.

2. A dubi ratar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, sama da ƙasa, gaba da baya. A gwada ta da ta ɗaya gefen da ba a buga ba. Ya kamata su zo daidai.

3. A sa takarda a bakin roba a rufe ƙofa a kanta, sa'an nan a ja. In ta zare ba wuya, ƙura da ruwa za su shiga ta nan.

4. A ɗaga gilashi a sauke har ƙarshe. In yana cijewa ko yana karkata, dukan ya kai ciki.

5. A cire kwalin ciki a haska da tocila. A dubi sandar kariya, ko ta lanƙwashe, ko waldarta ta saki. A dubi ƙasan ƙofa ko tsatsa ta ci.

6. A dubi ginshiƙin da aka ɗaura hinji a kansa, da wanda makulli ke kamawa. In fentinsu ya tsage ko sun shiga ciki, to, matsalar ta wuce ƙofa. Ko an sayo sabuwa ba za ta zauna ba sai an miƙe ginshiƙin tukuna. Ƙungiyar da ba ta lura da wannan ba takan biya sau biyu.

LOKACIN DA GYARA YA FI

In ƙofa tana rufuwa daidai, gilashi yana tafiya, sandar ciki tana miƙe, lotsewar kuma a tsakiyar falle take, mai faɗi marar zurfi, to, gyara ya fi. Ƙofar da ta zo da mota daga masana'anta ta fi kowace dacewa da ita, ba dalilin yar da ita saboda tabo.

In fenti bai fashe ba, akwai masu turo lotsewa daga ciki da 'yan sanduna, a hankali a hankali, har ta koma ba tare da an taɓa fenti ba. A birane ake samunsu. In fenti ya fashe, aikin fanal bita ne: ya sa ƙarfen tokara a baya, ya bi da guduma daga gefen lotsewar zuwa tsakiya, har falle ya kusa komawa yadda yake. Sa'an nan ya shafa fila, ya goge da samfefa, ya sa fentin shimfiɗa, kāna fentin gaske.

A nan ne ake gane gwani. Fila domin cike ɗan abin da guduma ta bari ne, kada kaurinta ya wuce kamar milimita 3. Mai gaggawa ba ya son wahalar bugu, sai ya lafta fila kamar ana yaɓen ɗaki. Ranar karɓar mota za ta yi kyau ƙwarai. Amma girgizar hanyoyinmu da zafin rana za su tsaga ta, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama daga ƙarƙashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana iya gwadawa da ɗan maganaɗisu: a naɗe shi a ƙyalle a bi jikin ƙofa da shi. Inda ƙarfe yake kusa zai kama, inda fila ta yi kauri zai saki.

A kula da wuta kuma. Masu gyara da yawa sukan gasa falle da wutar gas domin ya yi laushi ko ya tsuke. Gwani yakan taɓa wuri kaɗan ne ya bari. Wuta mai yawa tana ƙone abin da ke kare ƙarfe daga tsatsa, ciki da waje. Domin haka a tabbata an shafa wa bayan wurin fenti ko giris kafin a mayar da kwali, a kuma tsokace ramukan ruwa su buɗe. A cire gilashi da roba da wayoyi kafin a kunna wuta.

LOKACIN DA TILAS A SAKE

Akwai halin da gyara ɓarnar kuɗi ne, wani lokaci ma kasada ce da ran mutane.

Na farko, in sandar kariya ta lanƙwashe. Da ƙarfe na musamman aka yi ta, wanda aka taurara a masana'anta. In an gasa ta aka miƙe, ido zai ga ta miƙe, amma ƙarfinta ya ragu. Ranar da ake bukatarta ba za ta tare kome ba. Wannan kaɗai ya isa a sake ƙofa.

Na biyu, in ƙashin ciki ya murɗe, ko wurin hinji ko na makulli ya yage. Ƙofar da ba ta kamawa sosai tana iya buɗewa a kwana ko a gargada. Mun sha ganin ƙofa ɗaure da igiya ko da tsohuwar robar taya, ga mutane zaune a jikinta. Kada motar ƙungiya ta fita haka.

Na uku, in lotsewar ta karya ƙarfe a kan kaifi, ko a bakin ƙofa inda falle biyu suka haɗu, ko ƙarfen ya miƙe har yana shiga yana fita in an danna shi da hannu. Ana iya gyara irin wannan, amma aikin yana da yawa, sau da yawa kuɗinsa yakan kusa kai na wata ƙofa.

Na huɗu, in tsatsa ta riga ta huda ƙasan ƙofa. Fila ba ta zama a kan ruɓaɓɓen ƙarfe.

Na biyar, in ƙofar ta alminiyam ce. Waɗansu motocin zamani haka suke, kamar Ford F-150 ta Amurka daga ƙirar 2015. Maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko kaɗan, ta haka za a gane. Ba ya dawowa da guduma kamar ƙarfe, yakan tsage, waldarsa kuma dabam ce. In ba mai kayan aikinsa kusa, a sake.

IN ZA A SAYA

Sabuwar ƙofa yawanci ƙwarya ce kurum: ba gilashi, ba makulli, ba roba, ba fentin gaske. Sai an kwaso kayan tsohuwar an mayar, an kuma biya mai fenti. Ƙofa ta hannu, wadda ake ce wa Beljiyam, takan zo da kayanta, in an yi dace ma har launi ya zo ɗaya. Ana samunta a manyan kasuwannin kayan mota, kamar Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas.

A tafi da tsohuwar ƙofa, ko a ƙalla da hotonta da awonta, da sunan motar da shekarar ƙirarta, gama mota mai suna ɗaya takan sake fasali bayan 'yan shekaru. A faɗa ko mai gida ɗaya ce ko mai gida biyu. A gwada ƙofar da maganaɗisu, a leƙa cikinta, kada a sayo wadda wani ya riga ya gyara ya rufe da fenti. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Ga wani abu da ake mantawa. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarin motocinmu yana hagu. Motocin Ingila da na Japan nasu yana dama. In daga irin waɗannan aka ciro ƙofa, maɓallan direba da wayoyinsu suna ɗaya gefen, wani lokaci ma ramin mabuɗi ba ya nan. A tambaya kafin a biya. A kuma sa makaniki ya mayar da makullin tsohuwar ƙofa, domin mabuɗi guda ya ci gaba da buɗe duka.

Masu tsohuwar Peugeot 504 su yi hattara. An fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, 504 ta cika ƙasa, amma an daɗe da daina haɗa ta. Ƙofofinta na hannu su ma sun tsufa. In taku ba ta da tsatsa, ku riƙe ta ku gyara.

Lalle a karɓi rasit mai sunan shago. Shi ne shaidar ma'aji a gaban 'yan ƙungiya, shi ne kuma kariya in aka ce kayan sata ne.

YADDA ZA A YI LISSAFI

A nemi farashi daga masu gyara biyu ko uku, a rubuce. A gefen gyara a haɗa kuɗin bugu, da fila, da fenti, da abin da ya karye a ciki. A gefen saye a haɗa kuɗin ƙofa, da kuɗin motar wanda zai je sayowa, da dako, da ɗaurawa, da fenti in launi bai zo ɗaya ba. Sa'an nan a ƙara wa kowane gefe kwanakin da mota za ta yi a gareji. Ɗaura ƙofa aikin yini ne, bugu da fenti kuwa sukan ci kwanaki. Da rani wannan ba kome ba ne, amma da kaka kowace ranar kasuwa da aka rasa sai an biya hayar wata mota.

Shawararmu ita ce, in kuɗin gyara ya kai kashi biyu cikin uku na kuɗin saye, a saya. In kuwa lotsewar ƙarama ce, ƙofa tana aiki, kuɗi kuma babu, a kankare inda fenti ya fashe a shafa fentin shimfiɗa domin tsatsa, a bar sauran sai bayan girbi. Tabo ba ya hana mota kai masara kasuwa.

Game da inshora, irin wadda doka ta tilasta, wadda yawancinmu ke yanka, ɓarnar da motarmu ta yi wa wani take biya, ba ta motarmu ba. In wani ne ya buge mu, inshorarsa ce ya kamata ta biya. Domin haka direba ya rubuta lambar motar, ya ɗauki hoto a wurin, ya nemi shaidu, ya kuma sanar da shugaba a ranar.

A ƙarshe, motar nan ta kowa ce, da gumin kowa aka saye ta. Kada a bar wa direba shi kaɗai ya yanke shawara a bakin gareji. Kwamiti ya duba da idonsa, sakatare ya rubuta abin da aka gani da abin da aka shirya, ma'aji ya ajiye rasit. In kuma aka ga sandar ciki ta lanƙwashe, ko ƙofa ba ta kamawa, a ajiye maganar araha a gefe, gama matanmu da 'ya'yanmu ne ke zama a jikin wannan ƙofa.