Haɗarin Ƙarewar Mai a Motar Haibirid

Motar haibirid, irin Toyota Prius da aka fara sayarwa a Japan a 1997, tana tafiya da injin fetur da kuma babban batir mai juya na'urar lantarki da ke jan motar. Injin ne ke cika batirin, sai ɗan cajin da ake samu idan an taka birki. Saboda haka idan mai ya ƙare, babbar hanyar cajin ta yanke.

Abin da ke ruɗar direbobi shi ne motar takan ci gaba da gangarawa shiru, sai mutum ya zaci zai kai gidan mai. Batirin bai wuce ya ja ta ɗan gajeren zango ba, kuma ci gaba da matsa mata babban kuskure ne. A Prius babu sitata irin ta sauran motoci. Babban batirin, mai ƙarfin wajen bolt 200, shi ke tayar da inji. In ya zube ƙasa sosai, ko an zuba fetur motar ba za ta tashi ba. Jona waya da wata mota ƙaramin batir mai bolt 12 kawai yake taimaka wa, babban kuwa sai makanikin da ke da caja ta musamman.

Famfon mai ma yana wahala, domin fetur ne ke sanyaya shi. Da zarar inji ya mutu, abin da ya dace shi ne a faka gefen hanya a kashe motar. In za a ɗauke ta, a ɗora ta kan babbar mota, domin jan ta tayoyin gaba na ƙasa yana iya lalata na'urorin lantarkinta.