Daga Potiskum Zuwa Farin Ruwa: Mafaɗar Ruwa Da Tsoffin Wuraren Bauta A Dazukan Arewa

Mutumin da ya tashi a Potiskum ya san ruwa a rijiya, ya san shi a tafki, ya kuma san kogin da ke cika da damina ya janye da rani. Amma ruwan da ke faɗowa daga ƙwanƙolin dutse yana ruri, yana feshi kamar hayaƙi, galibi a talabijin ko a wayar hannu yake ganinsa, musamman a finafinan Indiya inda akan nuna shi kusa da tsoffin ɗakunan bauta a tsakiyar daji. Wannan ya sa da yawa ke ɗaukar cewa sai an ƙetare teku ake ganin irin waɗannan wurare, alhali kuwa tafiyar yini guda a mota daga tashar Potiskum tana iya kai mutum gabansu.

Titin da ya taso daga Maiduguri ya ratsa Damaturu da Potiskum, shi ne ya bi ta Kari da Darazo ya shiga Bauchi, sannan ya haura Jos. A kan wannan hanya da rassanta ne mafi yawan wuraren suke. Sanin dalilin da ya sa suke can, da abin da ke barazana gare su, ya shafi mutanen Yobe fiye da yadda ake zato, domin wani kaso na ruwan da jihar ke rayuwa a kansa daga waɗannan tsaunuka yake fitowa.

Me ya sa Yobe ba ta da babbar mafaɗar ruwa?

Mafaɗar ruwa tana samuwa ne inda kogi ya iso bakin tudu mai tauri, ƙasar da ke gabansa kuma ta yi ƙasa kwatsam. Ruwa kan cinye dutse mai laushi cikin dubban shekaru, ya bar mai tauri a tsaye kamar katanga, sai kogin ya riƙa zubowa daga kansa. Mafi yawan ƙasar Yobe shimfiɗaɗɗiya ce, ta yashi da laka, a cikin kwarin Tafkin Chadi, don haka kogunanta tafiya suke a hankali suna bazuwa cikin fadamu. Sai a kudancin jihar, wajajen Fika da Gulani, ake samun tuddai da kwazazzabai irin su kwarin Goya.

Tsaunin Jos kuwa ya haura mita 1,200 daga doron teku, kuma duwatsun Shere da ke gabashin birnin sun kai kimanin mita 1,800. Iskar damina da ke tasowa daga tekun Atilantika ɗauke da danshi takan yi karo da gefen tsaunin ta kudu da yamma, ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa. Shi ya sa ruwan saman da Jos ke samu a shekara ya kusan ninka na Potiskum, kuma shi ya sa ake samun kurmi mai duhu a wajajen Kagoro da Kafanchan da Wamba, a tsakiyar yankin da sauransa dajin ciyawa ne da itatuwa jefi-jefi.

Daga wannan tsauni koguna ke rabuwa zuwa kusurwa daban-daban. Kogin Kaduna ya nufi yamma ya faɗa Kwara. Gongola ya yi gabas, ya goga gefen kudancin Yobe, ya karkata ya haɗu da Binuwai a Numan. Kogin Delimi da ya ratsa Jos kuwa arewa ya nufa, ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗejia, suka zama Komadugu Yobe da ke wucewa ta Gashuwa da Geidam zuwa Tafkin Chadi. Manomin shinkafa a Gashuwa da mai yawon buɗe ido a gefen tsaunin Jos, ruwan sama ɗaya ne ke yi musu aiki.

Wurare huɗu da suka fi shahara

Mafi kusa ga wanda ya fito daga Yobe ita ce mafaɗar Assop a Jihar Filato, a gefen titin Jos zuwa Akwanga, kusa da gangaren Hawan Kibo. Tana da sauƙin isa, domin ba ta da nisa da kwalta, kuma itatuwan kurmi sun kewaye ta.

Ta biyu ita ce Matsirga, kusa da Kafanchan a kudancin Jihar Kaduna, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro ke zubowa daga tsayin da ake ƙiyasta ya kai mita 25 zuwa 30 cikin wani kwari mai zurfi.

Ta uku, kuma mafi tsawo, ita ce Farin Ruwa a Ƙaramar Hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa. Ana ƙiyasta tsayinta da kimanin mita 150, wato ta ɗara mafaɗar Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mai mita 108, ko da yake ta Biktoriya ta ninka ta faɗi da yawan ruwa nesa ba kusa ba. Sunan ya samo asali ne daga farin kumfar da ake hangowa daga nesa. Isa gindinta na buƙatar tafiyar ƙafa a cikin daji, kuma hanyar motar kan yi wuya da damina.

Ta huɗu ita ce Gurara a Jihar Neja, a reshen titin Suleja zuwa Minna. Tsayinta kimanin mita 30 ne, amma faɗinta ne abin kallo idan kogin ya cika. Labarin baka na yankin yana cewa mutanen da ke kewaye da ita sun daɗe suna girmama wurin, suna kai masa hadaya kafin zuwan Turawa.

Waɗannan wurare suna da amfani fiye da kallo. Tun wajajen 1930 ake samar da wutar lantarki daga mafaɗar Kurra a Filato, wadda aka fara ginawa domin ma'adinan kuza.

Ina ɗakunan bautar suke?

A Kambodiya, Sarki Suryavarman na Biyu ya gina Angkor Wat da sassaƙaƙƙen dutse a ƙarni na 12, kuma har yau ginin na tsaye, yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 1992. Matafiyin da ya shiga dazukan Arewa yana neman irin wannan gini zai dawo hannu rabbana. Dalilai biyu ne suka jawo haka. Na farko, magabatanmu da ƙasa da itace da ciyawa suke gini, kuma ginin ƙasa idan ya rasa mai yaɓe shi, damuna kaɗan ke mayar da shi tudu. Na biyu, a addinan gargajiya na wannan yanki, dutsen ko itacen ko kurmin shi kansa ne wurin bautar.

Misali mafi sanuwa shi ne na Kano. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe da ke zaune a Dutsen Dala, da wurin tsafin Tsumburbura wanda itace ne da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi, da kuma kurmin Jakara da mutanen lokacin ke girmamawa. Bayan Musulunci ya kafu, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar da har yau ake kira Kasuwar Kurmi. Kurmin ya tafi, sunansa ya rage.

Inda aka yi aiki da dutse, abin ya wanzu. A Sukur, kan duwatsun Mandara a Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, akwai fadar Hidi, da hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu, da gonakin da aka yi wa matakala a jikin tsauni, da wuraren hadaya da na narkar da ƙarfe. A 1999 Sukur ya zama wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sanya a jerin nata. Na biyu shi ne kurmin Osun da ke Osogbo, mai faɗin kimanin hekta 75, wanda aka sanya a 2005. Wannan kurmi ya tsira ne saboda al'ada ta hana sare itace da farauta da kamun kifi a cikinsa, yayin da gari ya cinye dajin da ke kewaye da shi.

Abin da Yobe ke da shi

Rashin mafaɗar ruwa bai bar jihar fayau ba. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, a Ƙaramar Hukumar Fune, ya ci karo da wani itace a zurfin kimanin mita biyar. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita takwas, wanda awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka, kuma an ajiye shi a Damaturu. Samuwarsa shaida ce cewa ƙasar da a yau ake fama da kwararowar hamada ta taɓa zama mai yalwar ruwa da manyan itatuwa.

Kusa da Geidam akwai kufan Birnin Ngazargamu, hedkwatar Daular Borno da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, wadda ta faɗi a yaƙe-yaƙen 1808 zuwa 1809. Ana iya ganin sauran ganuwarta da ɓurɓushin jan bulo da aka yi gine-ginen sarauta da shi. A kudu kuma akwai tsohon mazaunin Daniski a kan dutse, wanda tarihin Bolewa ke dangantawa da zamansu kafin su sauko Fika. Daga Fika ne aka mayar da fadar masarautar zuwa Potiskum a 1924.

Ga wanda ke son haɗa daji da ruwa da tarihi a tafiya ɗaya, Yankari a Jihar Bauchi ta fi kusa. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244. A cikinsa akwai maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗuminta ke tsayawa a wajen digiri 31 dare da rana, da kogunan dutse na Marshall da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, da tsoffin rijiyoyin Dukkey, da ɗaya daga cikin garken giwaye mafi girma da suka rage a ƙasar nan.

Abin da ke barazana

Babbar barazana ita ce sare daji. Itatuwa da ganyen da suke zubarwa su ke sa ruwan sama ya nutse cikin ƙasa, ya riƙa fitowa sannu a hankali ta maɓuɓɓugai har cikin rani. Idan aka sare su domin gawayi ko katako ko sabuwar gona, ruwan kan gangaro gaba ɗaya cikin 'yan sa'o'i, ya kwashe ƙasa, ya cike koguna da yashi. Sakamakon shi ne ambaliya a watan Agusta da ƙafewa a watan Maris, kuma garuruwan da ke ƙasan kogi, irin su Gashuwa, su ke ɗanɗana duka biyun.

Ta biyu ita ce rashin tsaro. Mayaƙan Boko Haram sun kai hari Sukur a 2014, sun ƙona gidaje sun lalata wasu kayan tarihi. Dazuka irin su Kamuku a Birnin Gwari sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Inda baƙi suka daina zuwa, kuɗin shiga kan tsaya, masu gadi su ragu, mafarauta da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba su samu sarari.

Ta uku ita ce sakaci. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba tare da izini ba, amma kufai da ke nesa da gari ba ya tsare kansa. Duk bulon da aka ɗauke daga Ngazargamu, ko tukunyar da aka tono aka sayar, wani shafi ne na tarihi da ba za a sake karantawa ba.

Kafin a kama hanya

Lokacin ziyara ya danganta da abin da ake son gani. Mafaɗar ruwa ta fi ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba, kuma a lokacin ne ta fi haɗari, domin duwatsu na da santsi, kuma ruwan da aka yi a can saman tsauni kan iya isowa bagatatan ko da sama na garau a inda mutum yake. Shiga ruwan a wannan lokaci kasada ce ko ga gwanin iyo. Namun dajin Yankari kuwa sun fi ganuwa daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji.

Ya kamata matafiyi ya binciki halin tsaro a wurin hukuma da direbobin da ke bin hanyar, ya yi tafiyarsa da rana, ya kuma nemi ɗan jagora daga cikin mutanen gari. Gaida mai gari kafin a hau dutse ko a shiga kurmi ladabi ne, kuma kariya ce, domin a wasu wuraren har yanzu akwai sassan da al'ummar ba ta yarda baƙo ya taka ko ya ɗauki hoto ba.

Wasu kan yi tambaya ko ya dace Musulmi ko Kirista ya ziyarci wurin da aka taɓa bautar wanin Allah. Masana tarihi na bambanta zuwa domin bauta da zuwa domin sani, kuma malamai kan tunatar da cewa Alƙur'ani ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa domin ɗaukar darasi daga al'umman da suka shuɗe. Wanda ke da shakka ya tuntuɓi malaminsa kafin ya tashi.

Makarantun sakandare da manyan makarantu a Potiskum da Damaturu na iya farawa da abin da ke kusa: kwalekwalen Dufuna, da Daniski, da Yankari. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ɗalibin da ya ga inda ruwan koginsa ke fitowa zai fi saurin fahimtar dalilin da ya sa sare itace a Filato ke shafar gonar mahaifinsa a Yobe.