Kumburin jijiyar ƙafa: abin da man shafawa zai iya da wanda ba zai iya ba

Idan jijiyar da ke ƙaurinka ta yi ja, ta yi tauri kamar igiya, tana zafi in an taɓa, mai yiwuwa kumburin jijiyar jini ta ƙarƙashin fata ne. Yawanci ɗan gudan jini ne ke toshe ta. An fi ganin haka ga masu jijiyoyin da suka kumbura suka fito fili, da masu juna biyu, da wanda ya daɗe bai motsa ba. Masu wuni kan kwamfuta ko gem ɗin waya, sai a riƙa miƙe ƙafa.

Mayukan da aka fi shafawa su ne jel ɗin diclofenac, irin su Voltaren, da kirim mai sinadari dangin heparin, irin su Hirudoid. Kaɗan ake shafawa a hankali, ba a murzawa da ƙarfi, ba a sawa kan miki. Mai ciki kada ta taɓa diclofenac sai likita ya amince. Gashi da tsumma mai ɗumi, ɗaga ƙafa da ɗan tattaki suna taimakawa.

Sai dai man zafi da ja yake kwantarwa. Ba a dogara da shi wajen hana gudan zarcewa jijiyar ciki, inda daga can zai iya kaiwa huhu. Kyamarar wayarka ko agogon zamani ba za su gano hakan ba, sai sikanin a asibiti. Idan tsawon gudan ya kai santimita 5, likita kan ba da maganin tsinka jini na kwana 45.

Ƙafar ta kumbura baki ɗaya, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji na ciwo? Asibiti nan take.