A Fara da Tsakar Gida Kafin Ɗakuna

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Akwai wani attajiri mai sayar da atamfa, wanda 'ya'yansa uku ke karatun allo a wurina nan Fagge. Ran nan bayan la'asar ya zo mini da takardar zanen gidan da ya ke nufin ginawa a filin da ya gada wurin mahaifinsa. Na duba, sai na ga shaguna 4 a bakin titi, da ɗakuna 9 a ciki, tsakaninsu kuwa wani ɗan siririn lungu wanda mutum biyu ba su wuce juna sai sun karkace. Na ce, "Alhaji, ina iyalinka za su zauna?" Ya ce, "Malam, ai ga ɗakuna nan." Na ce, "Ɗaki wurin kwana ne. Ina za su wuni?" Sai ya yi shiru. To, abin da na faɗa masa a wannan yammaci shi na ke so in maimaita muku, gama na san ba shi kaɗai ke riƙe da irin wannan takarda ba.

Fagge tun asali masaukin fatake ne a bayan ganuwa, inda ayarin Azbinawa ke sauke raƙuma. Fili ba ya wuya a lokacin. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa da su ka zo daga kudu, sai ƙasa ta soma tsada a wannan sashe. A Sabon Gari aka yi tituna miƙaƙƙu, aka yanka fuloti daidai wa daida, masu gidaje kuwa su ka yi ta jera ɗakunan haya layi biyu suna kallon juna. Daga baya mu ma a Fagge mu ka bi sahu. Uba ya rasu, magada su raba gida, kowa ya ta da ɗaki ko shago a rabonsa, har tsakar gidan da kakarsu ta yi daka a ciki ta koma hanyar wucewa.

Magabatanmu ba haka su ke gini ba. Mai shiga ya kan fara da zaure, inda maigida ke ganawa da baƙi, malami kuma ke ba da karatu. Daga nan sai ƙofar gida, watau ɗan filin da samari da baƙi ke zama. Sa'an nan shigifa, wadda a kan karkatar da ƙofofinta domin kada ido ya zarce ciki. Bayan ta sai tsakar gida, ɗakuna da madafa da rijiya da makewayi duk suna kewaye da ita. Kowane wuri yana miƙa mutum ga na gaba da shi. Wanda ya shiga Gidan Makama a cikin birni zai ga yadda a ke ratsa soro a fita fili, a sake ratsa soro a fita wani filin. Ba dole ne a yi ginin tubali da azara kafin a sami wannan tsari ba. Da bulo da siminti ma yana yiwuwa, ko a fuloti mai ƙafa 50 a 100, in dai an fara auna filin tsakiya kafin a ja layin ɗakuna. Mai yin haka sai ya lura da abu uku: rana, da ruwa, da ido.

Na farko, rana. A watan Afrilu zafin Kano ya kan kai awo 40, ranar yamma kuwa ita ta fi cin mutum. Saboda haka a dasa itace a yammacin tsakar gida, domin inuwarsa ta faɗo ciki tun daga azahar. Darbejiya tana jure fari, tana saurin girma, amma a nisanta ta da bango da ramin masai, don saiwarta tana tsaga gini. Durumi da ceɗiya sun fi ƙarfin ƙaramin fuloti. Kusa da wurin wanke-wanke a sa zogale da lemun tsami da gwanda, su sha ruwan da da zai kwanta ya tara sauro. Kada kuma a malale filin duka da siminti. Siminti yana shan zafi da rana ya amayar da shi da dare, a lokacin da wuta ta ɗauke, iyali su ka fito da tabarmi suna neman iska. A bar wani sashe da yashi ko daɓe.

Rumfa ita ce igiyar da ke ɗaure gida. A ja ta daga shigifa ta bi gaban ɗakuna har madafa, yadda mace za ta ɗauko akushi ta kai zaure ko turaka ba tare da rana ko ruwa sun taɓa ta ba. Madafa kuwa a sa ta a kusurwa, nesa da ɗakin kwana saboda hayaƙi da gobara, kusa da randa ko famfo, ƙofarta tana kallon fili, domin mai girki ta riƙa ganin yara suna wasa.

Na biyu, ruwa. Kowa ya san hadarinmu daga gabas ya ke tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi saurin zaizayewa. In da hali, ƙofofin ɗakuna su kalli kudu ko arewa. Wadda ta zama tilas ta kalli gabas, a zurfafa mata rumfa. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida ta fi titi tudu, a kuma karkata ta wajen rariya guda wadda za ta kai ruwa lambatu. Indararonka ya zuba cikin gidanka ko a hanyar ruwa, kada ya zuba a bangon maƙwabci. 'Yan kasuwa ba su manta da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agusta na 2022 ba, wadda ta ɓata dukiya mai yawa, aka kuma yi ta magana a kan gine-ginen da aka ɗora bisa magudanan ruwa. Abin da ya sami kasuwa shi ke samun gida in an toshe wa ruwa hanya.

Akwai kuma batun rijiya da masai. Ma'aikatan lafiya suna son a raba su da kamar mita 30, watau kusan ƙafa 100, wanda shi ne tsawon fulotin gaba ɗaya. Tun da hakan ya yi wuya, a sa kowanne a ƙarshen gida dabam, a shafe ramin masai da siminti, a tambayi maƙwabci inda nasa ramin ya ke kafin a haƙa rijiya, a yi mata baki mai tudu da murfi saboda yara, ruwan sha kuwa a tafasa shi. Amai da gudawa ba su san katanga ba. Mai gini ya tuna kuma kada mazaunin masai ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Alƙiblarmu a Kano gabas ce mai karkata arewa.

Na uku, ido. Tsakar gida ba ta da amfani ga mata in ana hango su daga sama. Yanzu benaye sun yi yawa a Fagge da Sabon Gari, mutum ya kan buɗe taga a kan gidan maƙwabcinsa, ya mai da matan gidan fursunonin ɗaki. Malamai sun san hukuncin wannan. Risalar Ibn Abi Zaid ta hana buɗe tagar da ke tona asirin maƙwabci, da buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, da haƙa ramin da zai cuce shi ko da a cikin mallakarka ne. Wani magini na Tunis ma, Ibn Rami, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini a ƙarni na 8 na Hijira. Mai bene ya juya tagoginsa wajen titi ko wajen nasa filin, wadda za ta kalli maƙwabci kuwa a ɗaga ta sama da tsayin mutum. Masu gidajen haya su ma wannan magana ta shafe su. Inda iyalai goma ke girki da wanki a lungu guda, rigima ba ta ƙarewa. Ɗaki ɗaya da aka fasa ginawa, aka bar wurinsa fili da famfo da igiyar shanya, ya kan sayo zaman lafiya ga gidan duka.

Na san ɗan kasuwa zai ce, "Malam, shago yana kawo kuɗin haya, fili kuwa me ya ke kawowa?" To, mu yi lissafi. A tsakar gida a ke taron suna da na biki, a nan mata ke zaman makoki. A nan a ke daka da shanya, a nan uwargida ke tuyar ƙosai ko ɗinkin hula ta sami na kanta. A nan yaro ke rarrafe har ya miƙe, uwarsa na kallo. Wanda ba shi da ita, ran buki sai ya yi hayar rumfa ya tare wa jama'a titi, 'ya'yansa kuwa titin ne zai yi renonsu. Wannan hasara ba ta shiga littafin ciniki, amma ana biyanta kowace rana.

Alhaji dai ya koma wurin mai zanensa. Shaguna su ka koma 2, ɗakuna 6, aka sami zaure da shigifa da fili mai rumfa. Ya gaya mini mahaifiyarsa ce ta zaɓi wurin da za a dasa darbejiya, ta ce a nan tsohuwar ta ke tun tana amarya.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gyaran gida a takarda ba ya cin ko bulo guda, amma in an zuba dakali sai rushewa. Allah ya ba mu gidaje masu albarka da maƙwabta na gari, ya sa mu zama na gari gare su.